Kati Na Takwas

 

Idan la'asar ta yi sanyi, ka bi ta gindin wata bishiya ko bakin kasuwa, da wuya ka rasa dattawa sun yi da'ira a kan dara. An haƙa gurabe a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Yadda kaka ya buga ta haka jika yake bugawa. Ba wanda zai zo ran Litinin da takarda a hannu ya ce daga yau doka ta sauya, ba kuma wanda zai sayar maka da tsinken da ya fi na abokin karawarka ƙarfi. Dara ba ta da mai ita.

Yau kuwa zan kai ku wajen wani wasa da yake da mai shi. Mai shi ne yake buga kayan wasan, shi yake sayarwa, shi yake rubuta doka, shi ne kuma yake zama a kujerar alƙali idan rigima ta tashi. Labarin ya faru a shekarar 2020, tushensa Amurka, amma ya shafi duk inda ake wannan wasa a duniya, kuma irin kasuwancin da ke cikinsa ya riga ya shigo wayoyin 'ya'yanmu da ƙannenmu.

Na san da jin kalmar kati zuciyar wasu ta tafi ga karta da caca. Ku ɗan yi mini haƙuri, zan zo kan wannan, domin damuwar tana kan hanya. Sunan wasan Magic: The Gathering. Kalmar farko a Turanci sihiri take nufi, saboda 'yan wasan biyu suna kwaikwayon mayaƙan tatsuniya ne masu kiran dodanni su yi musu faɗa. Kwali ne da zane da rubutu. Wanda ransa bai kwanta da sunan ba yana da hujjarsa, ni ma ba tallar wasan ta kawo ni ba.

Wani masanin lissafi, Richard Garfield, shi ya ƙago shi, kamfanin Wizards of the Coast da ke jihar Washington ya fitar da shi a watan Agustan 1993. Shi ne na farko a irinsa, bayansa ne katunan Pokémon suka fito a Japan a 1996, na Yu-Gi-Oh kuma a 1999. Bambancinsa da Whot ko kartar da muka sani shi ne ba ɗauri guda ake rabawa tsakanin 'yan wasa ba. Kowa da nasa ɗaurin yake zuwa, wanda ya zauna a gida ya tsara daga cikin dubban katunan da ke akwai. Ɗauri ba ya gaza kati 60, kuma in ban da katunan ƙasa na yau da kullum, ba a sa kati iri ɗaya fiye da 4. Kowane ɗan wasa yana farawa da rai 20, wanda nasa ya fara ƙarewa an cinye shi. Kusan kowane kati yana da farashinsa a rubuce a kusurwa. Ba da kuɗi ake biya ba, da wani ƙarfi ne da katunan ƙasa suke bayarwa, kuma ƙasa ɗaya tak ake ajiyewa duk sanda layi ya zo kan mutum. Saboda haka ƙaramin kati mai farashi 1 ko 2 yana fita da wuri, babban dodo mai farashi 6 sai an jira.

Ku riƙe wannan da kyau, domin a nan labarin yake. Kafin a fara, kowa zai cakuɗa ɗaurinsa sosai, ya ɗebi kati 7 daga sama ba tare da ya zaɓa ba. Da su zai fara. Ko da ka sa katin da ka fi ƙauna har 4 a cikin 60, damar ka gan shi a cikin bakwan nan na farko kusan kashi 40 ne cikin 100. Wato sau shida cikin goma za ka buɗe hannunka ka tarar babu shi, dole ka yi dabara da abin da ka samu. Wannan rashin tabbas ba aibi ba ne, shi ne gishirin wasan. Shi yake sa wasa biyu ba sa kama da juna, shi yake ba mai ƙaramin ƙarfi damar kayar da wanda ya kashe dukiya a kan ɗaurinsa, shi yake raba gwani da ɗan koyo, tunda gwani shi ne wanda ya iya fita kunya ranar da hannunsa bai yi kyau ba.

To kamfani ba zai rayu da sayar da kati sau ɗaya ba. Duk bayan 'yan watanni sai ya fitar da sabon zubi, katuna ɗaruruwa masu sabon labari da sababbin dabaru. Zubin farko da aka ƙara, a Disambar 1993, zai ba ku sha'awa: Arabian Nights, wato Dare Dubu da Ɗaya, wanda da yawanmu mun karanta da Hausa ko mun ji ana karantawa. Akwai katin Ali Baba, akwai na Aladdin, akwai na Sindbad. Akwai ma na Shahrazad, wanda idan aka ajiye shi sai a dakatar da wasan da ake yi, a shiga wani wasan a cikinsa, sai an gama a dawo, kamar dai yadda ita take saka labari a cikin labari. Hikima ce mai kyau, amma tana cin lokaci ƙwarai, har daga baya aka hana amfani da katin a gasa. Kun ga tun farkon tafiya, sabon kati da gyaran doka tare suke tafe.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In sabon zubi bai fi tsoho armashi ba, ba mai saye. In kuma ya fi shi ƙarfi sosai, tsofaffin katunan da mutane suka tara sun zama shara. A kan wannan siririyar igiya masu tsara katunan suke tafiya shekara da shekaru, kuma yawanci suna tsallakewa. A 2020 ƙafarsu ta zame.

Sunan zubin Ikoria: Lair of Behemoths, duniyar manyan dodanni ce da 'yan Adam suke fakewa a bayan ganuwa don tsoronsu. Ya fito da kati 274. An fara buga shi ta intanet ranar 16 ga Afrilu, amma saboda annobar korona aka ɗage sayar da na kwali a Amurka da Turai zuwa 15 ga Mayu. Abin da aka fi yi wa talla shi ne dabarar rikiɗa: ka ɗora katin wata dabba a kan wata ko a ƙarƙashinta, su zama halitta guda, ta saman ta ba da suna da girma, na ƙasa su ba da baiwarsu. Kowa ya ɗauka wannan ce za ta rikita mutane, kuma gaskiya tana da wuyar fahimta, amma ba ta yi wata ɓarna ba. Kamfanin ya kuma haɗa kai da Toho na Japan aka yi wa wasu katuna zanen Godzilla da 'yan'uwansa. Ɗaya daga cikinsu an riga an buga shi da kalmar korona a sunansa tun kafin annobar, daga sunan wani makamin dodon a fim, sai da kamfanin ya sauya sunan a intanet ya kuma daina buga shi.

Ɓarnar daga wasu katuna 10 ta fito, waɗanda zan kira abokan tafiya. Ga yadda suke. Kowannensu yana ɗauke da sharaɗi. In ka tsara ɗaurinka bisa sharaɗin, kafin a fara wasa sai ka nuna wa abokin karawarka katin, ka ajiye shi gefe, a fili. Ba ya cikin ɗauri, ba a cakuɗa shi, ba ya cikin bakwan hannunka. Duk sanda ka ga dama, sau ɗaya a wasa, sai ka biya farashinsa ka shigo da shi. Gyruda, wani dodon teku, sharaɗinsa kada ka sa kati sai mai farashin da ke rabuwa biyu daidai, 2, 4, 6. Obosh kishiyarsa ne, 1, 3, 5. Yorion, maciji mai fukafukai, yana so ka ƙara kati 20, ɗaurinka ya zama 80. Lurrus kuwa, wata kyanwa mai farashi 3, cewa take duk katin da zai zauna a fagen wasa kada farashinsa ya wuce 2.

A kan takarda tunanin yana da kyau, kuma ina so in yi wa masu shi adalci. Sun so su ba mai tsara ɗauri sabon wasan ƙwaƙwalwa: ka ɗaure hannunka a nan, a saka maka a can. Mutane suna son irin wannan ƙalubale. Matsalar ita ce ba su auna ladan daidai ba. Ku tuna kashi 40 ɗin nan da na ce ku riƙe. Abokin tafiya kashi 100 ne. Kullum yana nan, a kowane wasa, tun daga farko. Kai kana da kati 8, wanda bai bi wannan hanya ba yana da 7. Na takwas ɗin kuma ba tsintuwa ba ne, shi ne ainihin wanda ka gina komai a kansa. Bugu da ƙari, akwai katunan da ke tilasta wa abokin karawa ya zubar da abin da ke hannunsa, to wannan ba ya hannu, balle a taɓa shi.

Sharaɗin ma da aka zaci zai yi nauyi, ga wasu bai fi ɗaukar auduga ba. Gasar wannan wasa rukuni-rukuni ce. Akwai Standard na sababbin katuna kawai, akwai Pioneer da ke komawa baya zuwa 2012, da Modern zuwa 2003, sai Legacy da Vintage inda ake shigo da katuna tun na 1993. A tsofaffin rukunan nan, dama can gwanaye ƙananan katuna masu araha suke amfani da su, domin wasan yana da sauri. Da Lurrus ta ce kada a wuce 2, mutane da yawa kati biyu ko uku kawai suka cire, shi ke nan sun cika sharaɗi. Ita kuma baiwarta ba ƙarama ba ce: duk sanda layi ya zo kanka, tana ba ka damar dawo da ƙaramin kati guda daga cikin waɗanda suka riga suka mutu.

Bari in nuna muku yadda abin ya kai. Akwai wani tsohon kati na 1993, Black Lotus, wanda ya fi kowane suna a wasan. A Janairun 2021 an sayar da ƙwaya ɗaya ta bugun farko a kan sama da dala 500,000. Farashinsa a cikin wasa sifiri ne, ka ajiye shi, ka sadaukar da shi, ya ba ka ƙarfi 3 nan take. Sau ɗaya yake aiki ya mutu, wannan ne linzaminsa. To a Vintage sai mutum ya ajiye Black Lotus a zagayen farko, ya kira Lurrus da ƙarfin nan 3, ita kuma ta dawo masa da Black Lotus ɗin daga matattu, ta sake dawo da shi a zagaye na gaba, haka dai. Kyanwa ta tsinke linzamin da aka ɗaura shekara 27.

Lokacin ma ya taimaka wa wutar. Duniya tana kulle a gida, shagunan wasa a rufe, kowa ya koma buga shi ta intanet dare da rana. Abin da a da zai ɗauki watanni kafin a gano, cikin kwanaki aka gano shi, kuma da mutum ɗaya ya yi nasara da wani tsari, gobe dubbai sun kwafa. Aka wayi gari duk rukunin da ka leƙa, yawancin masu cin gasa da abokin tafiya a gefensu. Tambayar ta tashi daga ko zan ɗauki abokin tafiya, ta koma wanne zan ɗauka. Dabarar da aka ƙago don ta faɗaɗa tunani ita ta ƙuntata shi. Dara ta ci gida.

Ranar 18 ga Mayu, kwana 3 kacal bayan katunan kwali sun isa shagunan Amurka da Turai, kamfanin ya hana amfani da Lurrus a Legacy da Vintage, ya haɗa da wani abokin tafiyar, Zirda, a Legacy. Na Vintage ɗin shi ya fi girgiza mutane. Al'adar wannan rukuni ita ce ba a korar kati saboda ƙarfinsa, sai dai a ce ƙwaya ɗaya kawai za ka sa maimakon 4. Amma me wannan zai yi wa katin da dama ƙwaya ɗaya ake buƙata, kuma tana zaune a gefe tana jira? Dole aka kore ta gaba ɗaya, abin da aka yi sama da shekara 20 ba a yi wa wani kati ba saboda ƙarfi.

Korar ba ta wadatar ba, domin ciwon ba a kati ɗaya yake ba, a dokar yake. Ranar 1 ga Yuni, kwana 46 bayan fitowar zubin, kamfanin ya yi abin da ba a saba gani ba: ya sauya dokar abokan tafiya baki ɗaya. Daga ranar, ba za ka kira abokin tafiya kai tsaye daga gefe ba. Sai ka fara biyan ƙarfi 3, a lokacin da layi yake kanka, don kawai ka ɗauko shi zuwa hannunka, sannan ka biya farashinsa na asali. Lurrus ta tashi daga 3 ta koma 6, Yorion daga 5 zuwa 8. Kuma da zarar ya shigo hannu, abokin karawa yana iya sa ka zubar da shi. A wasan da ake ƙirga kowane ƙarfi kamar yadda mai awo yake ƙirga mudu, harajin 3 ya kai asarar zagaye guda.

Ra'ayina a nan shi ne gyaran daidai ne, kuma saurin da aka yi abin yabo ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shugaban masu tsara katunan, Mark Rosewater, a bitar da yake rubutawa duk shekara, ya amsa da bakinsa cewa abokan tafiya su ne babban kuskuren wannan shekarar. Shugaban da zai fito fili ya ce mun yi kuskure, bai laɓe bayan kowa ba, ya cancanci a girmama shi.

Amma akwai wanda ya biya kuɗin kuskuren, kuma ba kamfanin ba ne. Ku ɗauki matashin da ya tara 'yan kuɗinsa, ya sayi Gyruda da duk katunan da za su dace da shi a watan Mayu. Kati yana hannunsa, an rubuta a jikinsa ɓaro-ɓaro cewa yana iya kiransa sau ɗaya daga wajen wasa. Bayan mako biyu ya je gasa, alƙali ya ce masa abin da ke rubuce a katinka ba shi ne doka ba. Gaskiyar alƙali ce. Kamfanin yana da wani kundi a intanet mai suna Oracle, kuma ƙa'ida ita ce abin da ke cikin kundin shi ne ainihin maganar kati, ko da ya saɓa wa abin da aka buga a kwali. Ashe abin da yaron ya saya kwali ne da tawada. Ma'anar katin tana hannun wanda ya sayar masa.

Masu son ƙwallon ƙafa za su ce ai mu ma ana sauya mana doka. Haka ne. A 1992 aka hana mai tsaron gida kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan, kuma wasan ya ƙara daɗi. A 2020 ɗin nan ma aka ba da damar sauya 'yan wasa 5 maimakon 3. Shi kansa wannan wasan katin an sha yi masa garambawul, a 1999 da 2009, 'yan wasa suka yi ta ƙorafi, daga baya suka saba. Sai dai hukumar da ke rubuta dokokin ƙwallo ba ita ke sayar wa ƙungiyoyi 'yan wasa ba. A nan kuwa hannun da ya karɓi kuɗinka shi ne ya riƙe usur. Ban ce sun yi da gangan ba, ba ni da hujjar haka, kuma ban yi imani da hakan ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda cinikinsa ya dogara ga sabon kati ya burge, kullum zuciyarsa za ta fi karkata ga ƙara gishiri a kan ragewa. Ba ƙaramar kasuwa ba ce: kamfanin Hasbro, wanda ya sayi Wizards a 1999, ya bayyana cewa cinikin wannan wasa kaɗai ya haura dala biliyan 1 a shekarar 2022.

Wannan iko na mai wasa wani lokaci yana yin amfani ta fuskar da ba a zata ba. Kwana 9 bayan gyaran dokar, ranar 10 ga Yuni, lokacin da zanga-zangar ƙin wariyar launin fata ta cika titunan Amurka, kamfanin ya kori tsofaffin katuna 7 daga dukkan gasa saboda zane ko sunan da ke cin zarafin wasu al'ummu. A cikinsu akwai mai suna Crusade, akwai kuma mai suna Jihad daga zubin Dare Dubu da Ɗaya ɗin nan, inda aka ɗauki kalma mai nauyi a addini aka mayar da ita abin wasa. An makara da shekaru da yawa, amma na ji daɗin da aka yi.

Yanzu bari in cika alkawarin da na yi a kan maganar caca. A dokar farko ta 1993, kowane ɗan wasa yana ajiye kati guda daga ɗaurinsa kafin a fara, wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce, ba ta da wani suna. Kamfanin ya gane haka da wuri, ya cire ta daga gasa, ya daina buga katunan da suka dogara da ita bayan 1995. Yau wasan kansa ba a sa komai a kai. Inda ya kamata a buɗe ido shi ne wajen saye. Katunan a rufaffen ƙunshi suke zuwa. Na Ikoria kati 15 ne a ciki, ɗaya kawai ne daga ajin masu wuyar samu, kuma ba ka san wanne ba sai ka yage. Yana iya zama wanda ya ninka kuɗin ƙunshin sau da yawa, yana iya zama wanda ba mai so. Wannan bugun zuciya na lokacin yagewa shi ne ke sa hannu ya sake komawa aljihu. Tsofaffin 'yan wasa da kansu suna ba sababbi shawarar su sayi ainihin katin da suke buƙata ɗaiɗai, su bar farautar sa'a.

Iyaye, ba sai yaronku ya taɓa ganin waɗannan katuna na kwali ba. Wasan ya shiga wayar hannu tun 2021, kuma wasannin waya da yawa, har da na ƙwallon ƙafa da samarinmu suke kwana a kai, da wannan salon suke cin kuɗi: ka biya, a buɗe maka akwati, ka ga abin da rabo ya ba ka. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna na kuɗi a wasu wasannin bidiyo sun saɓa wa dokar caca ta ƙasar. In ka ga kuɗin data ko na asusu yana zurarewa, zauna da yaron cikin lumana ka ce ya nuna maka abin da yake saye. Ka tambaye shi: ka san abin da ke ciki kafin ka biya? In gobe masu wasan suka rage wa wannan abu ƙarfi, wa zai mayar maka da kuɗinka? Yaro mai hankali zai yi tunani a kan tambaya ta biyun fiye da yadda zai ji tsawa.

Ku kuma ƙannena matasa da kuke jin ana cewa kati jari ne, ku ji wannan. Akwai rukunin da ya fi kowanne farin jini, Commander, inda mutum huɗu suke zama, kowa da kati 100. Shekaru da yawa wani kwamitin 'yan sa-kai ne yake kula da dokokinsa, ba kamfanin ba. Su ne ma suka hana amfani da ɗaya daga abokan tafiya, Lutri, tun kafin ya shiga kasuwa, domin sharaɗinsa kada a maimaita kati, su kuwa dama dokarsu ke nan, da ya zama kyauta ga duk wanda ɗaurinsa ya dace da shi. A Satumbar 2024 kwamitin nan ya kori katuna 4, wasunsu masu tsada sosai, darajarsu ta faɗi cikin dare ɗaya. Wasu da suka yi asara suka shiga zagi da barazana ga rayukan 'yan kwamitin, mutanen da ba albashi suke karɓa ba. Cikin mako guda kwamitin ya miƙa ragamar ga kamfanin. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Babban wurin da ya rage inda alƙali daban yake da mai sayarwa, fushin masu kuɗi ya rufe shi.

Su kuma abokan tafiya, harajin 3 ya rage musu kaifi amma bai gama da su ba. A Fabrairun 2021 aka yafe wa Lurrus a Vintage. A Maris na 2022 aka kore ta daga Modern da Pioneer, domin har da harajin ta ci gaba da hana mutane sa duk wani kati mai farashi sama da 2. A Oktoban wannan shekarar Yorion ya bi ta a Modern, kuma cikin dalilan da aka bayar har da wahalar cakuɗa kati 80 da hannu a zauren gasa. A Disambar 2024, shekara huɗu da rabi bayan gyaran dokar, aka kori wani abokin tafiyar, Jegantha, daga Modern da Pioneer, saboda sharaɗinsa yana da sauƙin da mutane suke ɗaukarsa ko ba su da wata buƙata, don kawai kada su bar kati na takwas a ƙasa. Wanda kuma ya samu ƙunshin Ikoria na bugun farko ya yage yau, zai tarar da tsohuwar dokar tana nan a jikin katin yadda aka buga ta.